Ranar da Sista Ta Yi wa Mage Tiyata

Tun da Sista ta ajiye aikin asibiti ba a gan ta tana rawar jiki irin ta safiyar Asabar ɗin nan ba. Gari bai gama wayewa ba ta share tsakar gida tas, ta yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, ta shimfiɗa wani tsohon farin zanen gado a ƙarƙashin rumfa. Sannan ta turo babur ɗinta a hankali ta kafa shi a tsakiyar zanen, ta ja baya ta riƙe ƙugu tana kallonsa. Ɗan ƙaramin babur ne ja, irin wanda ake zama a haɗa ƙafafu a gaba. Kowa a layin da sunan Mage ya san shi, domin in yana cikin ƙoshin lafiya ba ya ƙara, gurnani kawai yake yi ƙasa-ƙasa. To, kwana da kwanaki ke nan Mage ba ta yi gurnani ba.

Mijinta, tsohon tela ne da ido ya fara yi wa gardama, ya fito daga ɗaki riƙe da kofin shayi, ya tsaya yana duban ikon Allah.

"Malam, ajiye kofin nan ka je ka wanke hannu," in ji Sista.

"Hannu kuma? Babur za mu taɓa fa, ba jariri ba."

"Da sabulu. Har gwiwar hannu. Ka leƙa kicin kuma ka tabbatar an kashe gas, yau da fetur za mu yi aiki."

Tela ya kurɓe sauran shayinsa ya tafi yana murmushi. Ya daɗe da gane cewa in ta yi magana da wannan muryar, gardama ɓata yawu ce.

Muryar kuwa daga ɗakin tiyata ta zo da ita. Shekara talatin da ɗoriya ta yi a can, kuma aikinta bai wuce tsayawa kusa da likita tana miƙa masa kayan aiki ba. Wanda bai taɓa gani ba sai ya raina. Likita zai buɗe tafin hannu ko kallonta bai yi ba, ita kuwa ta riga shi sanin abin da yake so, ta ɗora masa da ɗan ƙarfi yadda zai ji ƙarfen ya zauna daram. Sai kuma aiki na biyu, wanda shi ne ya yi mata suna: kafin a ɗinke mutum, ita ke duba tire. Kowane ƙarfe yana da gurbinsa a kan tiren, in gurbi ɗaya ya zauna babu komai, to abin yana cikin cikin bawan Allah. "Ba a rufewa sai an duba tire," haka take faɗi, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma janyewa. Likitoci sun sha jin haushinta in suna sauri, amma a zamaninta ko zare ba a taɓa mantawa a cikin kowa ba.

In ta dawo gida takan zauna tana cire takalmi tana mita. Yaya za a yi mutum mai hankali, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan littafi, ya manta almakashi a cikin ɗan Adam? Da hannunsa fa ya sa. 'Ya'yanta sun ji wannan tambayar har sun haddace. Abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba shi ne, duk tsawon shekarun nan hannunta ƙaiƙayi yake yi. Ta ga an buɗe, ta ga an cire, ta ga an sa sabo an rufe, har tana iya yi idonta a rufe, amma ko sau ɗaya ba a taɓa ce mata ta matso ta karɓa ba. Ba huruminta ba ne, ta sani, kuma ba ta yi wa kowa hassada ba. Sai dai sani bai hana hannu ƙaiƙayi.

Mage kuwa ta saye ta ne tun Auta yana firamare, lokacin da ta gaji da tsayuwa a bakin titi tana jiran mota ana jiranta a asibiti. A bayanta Auta ya yi ta zuwa makaranta, ya rungume ƙugun uwarsa yana gyangyaɗi, ita tana tuƙi da hannu ɗaya tana riƙe da shi da ɗaya. Da ta ajiye aiki mutane suka ɗauka yanzu za ta zauna ta miƙe ƙafa. Ina. Sai ta ɗaura wani akwati a bayan Mage, ta cika shi da auduga da bandeji da ruwan wanke ciwo, ta shiga zagayen tsofaffi da masu jinya a gida. Akwai wani dattijo mai ciwon suga a hayin gada da ƙafarsa ta ƙi warkewa, akwai wata da aka yi wa aiki ta haihu, akwai waɗanda ba ciwon komai gare su ba sai na rashin mai leƙo su. In suka jiyo gurnanin Mage a ƙofar gida sai ka ga an fara gyara zama. Ita ma, gaskiyar magana, wannan zagayen ne ke tashinta da safe.

Sai ga shi Mage ta fara tari. Ana cikin tafiya sai ta yi kamar an shaƙe ta, ta mutu, a huta, ta tashi. Rannan ta mutu a tsakiyar gada da rana tsaka, ta ƙi tashi ƙememe, Sista ta turo ta har gida da gwiwarta mai ciwo. Ba ta gaya wa Auta ba, amma wani abokinsa ya gan ta daga cikin mota. Auta a kamfanin inshora yake aiki, wato sana'arsa ce ya zauna yana lissafa masifun da ba su riga sun faru ba. Da yamma sai ga shi, ko zama bai yi ba.

"Umma, ya isa haka. Da a ce babbar mota ce ta biyo bayanki fa? Ranar Asabar da la'asar zan zo da dillali ya ɗauke ta. Duk inda za ki, ki kira ni in turo miki mota."

"In kira ka in nemi izini kenan, kafin in fita daga gidana."

"Ba haka nake nufi ba. Babur ɗin da ba ya tashi me za ki yi da shi?"

"In ka zo ka tarar yana tashi fa?"

Auta ya yi ɗan murmushin wanda ya riga ya shirya komai. "In na tarar yana tashi, na haƙura."

Washegari ta gane dalilin murmushin. Ta tura Mage wurin bakanikenta na bakin kasuwa, ya murɗa makulli ya kasa kunne, ya ƙwanƙwasa wani wuri a ƙasa da ƙotar sukurudireba, ya ce famfon mai ne ya gaji. Tankin Mage a ƙasa yake, ƙarƙashin inda ake ajiye ƙafa, sai famfo ya tura man sama zuwa kafireto kafin inji ya samu. Ta ce to ya canza. Sai ya hau sosa ƙeya, yau aiki ya yi yawa, gobe zai je ɗaurin aure, jibi ma ba tabbas. Ta zuba masa ido irin wanda take zuba wa sababbin ɗalibai, bai jima ba ya amayar da gaskiya: Auta ya riga ta zuwa, ya roƙe shi kada ya taɓa.

Ba ta yi fushi ba. Wani daɗi ne ma ya taso mata tun daga ƙafa har ka. Ta bar Mage a nan, ta shiga layin masu kayan gyara ta sayo sabon famfo a kwalinsa, ta dawo ta sa bakaniken ya nuna mata da yatsa inda tsohon yake da yadda tiyo ke shiga da fita. An hana shi taɓawa, ai ba a hana shi nunawa ba. Da ta turo Mage gida kuma, ta yi ta kallon masu gyara a waya, tana tsayar da hoton tana mayarwa baya, tana tsaki in ta ga yadda suke zubar da noti a ƙasa kamar masu ba kaji hatsi.

Ita ba haka za ta yi ba. Da Tela ya dawo da hannuwa a ɗage yana ɗigar da ruwa, wai shi ma ma'aikacin asibiti, ya tarar ta jera komai a kan babban tiren ƙarfe bisa kujera. Sukurudireba babba da ƙarami, sifana, filaya, auduga, ƙananan kwanuka na zuba noti, da sabon famfon a lulluɓe da tsumma. A gefe guda kuma ga wani tsohon almakashi marar kaifi, irin wanda ake danne jijiya da shi don tsayar da jini, wanda in an matse shi yake kulle kansa. Yana cikin tsofaffin kayan da asibiti ya yi ritayarsu tare da ita. Ba da shi take taɓa majinyata ba, ya tsufa da yawa.

"Ga aikinka," ta ce. "In na buɗe hannu na faɗi suna, ka ɗora min. Kada ka miƙo min kamar mai ba da sadaka, ka ɗora da ƙarfi."

"To, Likita."

Ta juyo ta dube shi. Da tsokana ya faɗa, amma sai ta ji kalmar ta shige ta har ƙashi. Ta sa safar hannu, ta gyara tabarau, ta zauna a 'yar kujera ta miƙe ƙafar mai ciwo.

"Sukurudireba. Ƙarami."

Ta fara da cire wayar batir, don kada wuta ta haɗu da fetur. Sannan ta bi robar wurin ajiye ƙafa tana kwance kusoshi ɗaya bayan ɗaya, na dama a kwanon dama, na hagu a na hagu. Robar ta ƙi fita, ta lallaɓa ta, ta gano wani haƙori da ya kama ta ta ƙasa, ta danna shi, sai ga ta ta taso. Cikin Mage ya bayyana, baƙi ƙirin da ƙura da tsohon mai, wayoyi da tiyo sun sarƙe ko'ina. Sista ta ja dogon numfashi kamar wadda aka buɗe wa akwatin zinariya.

"Malam, dubi nan. Ka ga tanki. Ka ga jijiyar da ta fito daga cikinsa. Ka ga zuciyar can a maƙale, 'yar mitsitsiya, ita ce ta gaji."

"Ni dai datti nake gani."

"Haska min fitila, ka bar surutu."

Ta goge wurin da auduga har ƙarfe ya fito. Ta ɗauko tsofaffin tawul biyu ta rufe ko'ina, ta bar daidai inda za ta yi aiki kawai a buɗe, yadda ake yi wa majinyaci. Da ta zo zare tiyon da ya taho daga tanki sai ta tsaya. Masu gyara a waya barin man suke yi ya tsiyaye a ƙasa, wani ma da baki yake toshewa. Ta buɗe hannu.

"Almakashi."

Ta zura hannu can ciki bayan wani ƙarfe, kusa da gindin tanki, ta kama tiyon ta matse. Almakashin ya yi ƙaras-ƙaras ya kulle. Ta zare bakin tiyon daga famfo, ɗan abin da ya ɗiga bai cika cokali ba. Ta ɗago ta kalli mijinta da alfahari.

"Ka gani? Ko ɗigon jini ba mu yi asara ba."

Daga nan aiki ya tafi kamar ruwa. Ta zare ɗaya tiyon, ta cire wayar famfon, ta kwance notin da suka riƙe shi, ta ciro shi ta ajiye a kwano kamar abin da za a kai ɗakin gwaji. Tela ma ya fara shiga hannu. Da farko in ta ce filaya sai ya ba ta sifana, amma mutumin da ya shekara yana zura zare a allura ba a daɗewa ana koya masa, can sai ga shi yana ɗora mata kaya tas a tafi yana cewa "Ga shi, Likita." Ta duba 'yar kibiyar da ke jikin sabon famfon, ta tabbatar ta fuskanci inji, ta zaunar da shi, ta mayar da tiyo biyun, ta matse bakinsu da zobensu na ƙarfe. Ba ta san tana waƙa ƙasa-ƙasa ba sai da Tela ya gaya mata. Gumi na zuba ta bayan kunnenta, gwiwar ma ta manta da ita.

Ta mayar da wayar batir. Ta cire safar hannu ɗaya, ta riƙe makulli, ta ce, "Malam, yi addu'a."

Ta murɗa. Daga ƙasa suka ji tik-tik-tik, sabon famfo ya farka. Ta danna sitata. Mage ta yi tari sau ɗaya, ta yi na biyu, sai gurnani ya cika tsakar gida.

Sista ta miƙe tsaye ba tare da ta dafa komai ba, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta tafa hannu, ta zagaya babur ɗin, ta kama kafaɗar mijinta tana jijjiga shi har hularsa ta faɗi. "Ta tashi! Malam, ni na yi, da hannuna!" Tela yana dariya yana neman hula a ƙasa. Maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga tana tambaya ko lafiya, aka ce mata lafiya lau, haihuwa aka yi.

"Mu rufe, mu rufe," in ji Sista, ta kashe injin. "So nake in tare Auta a bakin titi, ya gan ni a kai."

Ta yaye tawul ɗin ta wurga gefe, ta mayar da robar, ta bi kusoshi tana ɗaurewa cikin ɗoki. Tela kuwa, da yake mutum ne mai son tsabtar wurin aiki, ya ja tsumma ya rufe tiren ya tura shi gefen bango, ya tafi ɗora wani shayin. Ta wanke hannu, ta canza kaya, ta ɗaure hular kwano, ta jira rana ta karkata kamar ta jawo ta da igiya. Da lokaci ya yi ta hau, Mage ta tashi da dannawa ɗaya, ta fita ƙofar gida tana danna ham ba gaira ba dalili.

Iska ta bugi fuskarta. Mai kanti ya ɗaga mata hannu, masu wanki suka bi ta da kallo. Ta hango motar Auta ta shigo layin, da wani mutum mai ƙaton tumbi a gefensa, ta ƙara murɗa mai don ta wuce su a guje. A daidai nan Mage ta shaƙe. Ta yi tari, ta yi wani, ta mutu murus, ta gangara a hankali ta tsaya a gaban motar kamar an aiko ta.

Ta danna sitata, shiru. Ta sake dannawa, inji ya juya ya juya bai kama ba. Auta ya fito daga mota. Bai yi dariya ba, bai ce ai na faɗa ba, kuma da ya faɗa da ya fi mata sauƙi. Ya kama kan babur ɗin a hankali ya ce, "Sauko, Umma, ni zan tura." Ta bi bayansa da hular kwano a ka, layin da ta wuce yanzu tana ham, kowa ya sunkuyar da kai kamar bai gani ba. Ba ta taɓa jin kunya irin ta wannan 'yar tafiyar ba.

A tsakar gida dillali ya fara zagaya Mage yana taɓa taya da ƙafa, yana taɓe baki. Auta ya dubi farin zanen, ya dubi kwanukan, ya dubi tsohon famfon, ya gane abin da aka wuni ana yi.

"Kin yi ƙoƙari, Umma," ya ce a hankali. "Wallahi kin yi ƙoƙari. Amma tsufa ne, ba yadda za a yi da shi."

Ba ta tambaye shi tsufan wa yake nufi ba. Ta ce, "Ku yi min shiru." Ta durƙusa a kan gwiwar mai ciwo, ta murɗa makulli, ta kara kunnenta a jikin robar. Tik-tik-tik-tik, famfon yana bugawa da sauri, ba ya tsagaitawa. Bakanike ya gaya mata in mai ya cika yakan lafa. Wannan bai lafa ba, gudu yake ta yi. Ta san irin wannan bugun, ta sha jin sa a wuyan hannun mutane: zuciya lafiyarta ƙalau, abin turawa ne ba ya iso mata. Ɗan man da ya rage a kafireto ne ya tashe ta ɗazu, ya kai ta bakin layi ya ƙare. To me ya tare hanya?

Ta juya a hankali ta dubi bango.

"Malam, buɗe tiren nan."

Tela ya yaye tsumman. Ga sukurudireba biyu, ga sifana, ga filaya, kowanne a inda ta ajiye shi da safe. A gefen dama kuma ga gurbi, fili fetal.

Sista ta zauna daɓas a kan zanen. Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suka fara rawa, su Auta suka rasa kuka ne ko dariya, ita ma ba ta tantance ba.

"Na bar almakashi a ciki," ta ce. "Ni. Na rufe majinyaci da almakashi a cikinsa."

Dillali bai gane komai ba, amma Auta ya gane, don da wannan labarin aka raine shi. Ya ga uwarsa tana duban hannuwanta kamar na wata, ya ga tsoron da ke idonta, tsoron ko ƙwaƙwalwarta ce ta fara tafiya. In yana son ya ci nasara, ga ta nan an ajiye masa a gabansa, ba sai ya ce komai ba.

Tela ne ya yi gyaran murya. "Ni fa ban gane ba. A asibitin naku, likita ne ke duba tiren?"

"A'a," ta ce. "Mai miƙa kaya ne."

"To ai ni ne mai miƙa kaya. Ke yau likita ce. Kin ce in ɗora miki da ƙarfi, na ɗora. Ba ki ce in duba komai ba."

Ta ɗago ta zuba masa ido. Sai ta tuna yadda ta ji da injin ya kama, yadda duniya gaba ɗaya ta tattaru ta koma wannan gurnanin, yadda hannunta ke ɗoki yana son ya rufe ya ga an tashi. Ashe haka suke ji. Ashe wanda ya sa hannu a ciki ya ga zuciya ta buga ba ya ganin tire, shi ya sa ake tsayar masa da wani a gefe. Dariya ta ƙwace mata ta gaske, har da hawaye.

"Allah sarki likitocina," ta ce tana share ido. "Na ci namansu a gidan nan shekara da shekaru. Allah Ya yafe min."

Ta jawo 'yar kujerarta ta zauna, ta gyara tabarau, ta buɗe tafin hannu ba ta kalli kowa ba.

"Sukurudireba. Ƙarami."

Aka ɗora mata tas, da daidai ƙarfin da ake so. Sai dai hannun ba na Malam ba ne. Auta ne ya naɗe hannun rigarsa ta ofis ya tsuguna a gefen tire, kamar yadda yakan yi yana yaro in tana gyara masa keken wasa. Ta kwance kusoshin, ta danna haƙorin nan, robar ta taso. Ta zura hannu bayan ƙarfen, ga shi nan a maƙale yana ta aikinsa da gaskiya, ya danne tiyo ko ɗigo ba ya wucewa. Ta buɗe shi ƙaras, ta murza tiyon da yatsa ya koma daidai, ta murɗa makulli. Tik-tik-tik, tik, tik. Bugun ya yi ta raguwa har ya lafa. Ta danna sitata, Mage ta kama, kuma wannan karon ta bar ta tana ta gurnani har dillali ya gaji da tsayuwa ya nemi wurin zama. Ta murɗa mai, ta saki, ta sake murɗawa, ta bi bakin kowane tiyo da auduga ta ga babu inda ke yoyo.

Ɗokin ya sake taso mata. Ta kashe injin, ta jawo robar za ta mayar.

"Tsaya, Umma," in ji Auta. "Ba a rufewa sai an duba tire."

Ta tsaya da robar a hannu. Ya ɗauki almakashin daga cinyarta inda ta ajiye shi, ya goge shi da auduga ya mayar gurbinsa, ya bi sauran da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa cikin babur ɗin da fitila.

"Ya cika. Rufe."

Da ta gama ɗaure kusa ta ƙarshe, dillali ya miƙe ya ce to yanzu yaya ake ciki, shi fa yana da wurin zuwa. Auta ya ba shi haƙuri, ya raka shi ƙofa ya tare masa abin hawa. Ya dawo ya tarar ta ɗaura akwatinta a baya tana ɗaure hular kwano, wai dattijon hayin gada ya kwana biyu ba a wanke masa ƙafa ba.

"Duk ranar da za ki sake buɗe ta," ya ce, "ki kira ni. Ba izini za ki nema ba. Baba ba ya duba tire."

"Ni aka kora kenan," in ji Tela daga bakin kicin.

Auta ya zare makullin daga jikin Mage, ya tsaya yana juya shi a hannu. Sista ba ta roƙa ba. Ta zauna a kan babur ɗinta, ta dubi ƙofa, ta buɗe tafin hannu. Ya ɗora mata da ƙarfi.